Gurbin da Nake Bar wa Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana na ji ba. In tana nemana, sai ta ce da ƙanwata, "Ke, kira min wancan." In abinci ne, "A miƙa wa yaron nan." Ƙannena su kewaye ta su yi ta zuba kamar kanya, ni kuwa abin da ke tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. In durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta in ce ina kwana, ta kau da kai ta ce lafiya, in bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta sa min albarka a taƙaice, in miƙe. Wani zai ga abin kaɗan ne. A wurina kuwa shi ne duk rabona daga gare ta, kuma ban taɓa yarda ya kuɓuce min ba. Ko da na bar ƙauye na koma Kano, Juma'a ba ta wuce ni ban hau mota na je na durƙusa ba.

Sai Allah ya kawo ni Dubai, wani ofishin kago na masu aika kaya gida a Deira, hawa na biyu, saman shagon turare. Aikina in auna kayan Alhazai da Hajiyoyi, in naɗe kwali da salatif, in rubuta sunan gari a jiki, in sha faɗa in kaya sun makara. Mu ne masu laifi ko da teku ce ta yi fushi.

Abin da ya fara ruɗa ni a garin nan intanet ne. Kai! Ka taɓa abu, kafin ka ɗauke yatsa ya buɗe. A cikin jirgin ƙasa yana ratsa ƙarƙashin gari, mutum na kallon ƙwallo babu ko tangarɗa. A kan abra, ɗan kwale-kwalen nan da ke ƙetarar da mu bakin ruwa, na ga Alhaji yana nuna wa abokin cinikinsa hoton takalma ana ta ciniki. Na ce a raina, shi ke nan, na huta. Kowace Juma'a zan kira wayar ƙanwata, wadda take aure kusa da gidanmu, ta kai wa Inna, in gaishe ta har in gaji.

Juma'ar farko na yi wanka, na sa hula, na buɗe koriyar manhajar nan da kowa ke kiran gida da ita, na danna kira. Abu ya yi ta juyawa, ya ƙi shiga. Na kashe wayar na kunna. Na cire layin na hura masa iska na mayar. Na buga ta a tafin hannu. Har na fara zagin wanda ya sayar min da ita a kasuwar waya, na ce Allah ya isa tsakanina da shi.

Abokin aikina yana gefe yana shan shayi yana kallona. Badamagare ne, ɗan boko irin na Faransa, wanda ko sannu zai yi maka sai ya fara da "bon". Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa ba a rasa tsiya.

"Bon," ya ce, "in ka gama dukan baiwar Allah, zo in karantar da kai. Wayarka lafiyarta ƙalau. A ƙasar nan an toshe kira ta wannan hanyar."

"Wa ya toshe?"

"Masu ƙasa."

"Don me? Ga intanet kamar ruwan famfo!"

"Wala! Ka zo wurin. Ruwan famfon wa ya ja shi? Ka ga wayar da aka binne a ƙarƙashin kowane titi, har cikin ɗakin da kuke kwana ku takwas? Ba aljanu suka binne ta ba. Gwamnati ta ba kamfanoni kaɗan lasisi, ta ce ku zuba dukiya ku kai ko'ina, ni kuma zan tsare muku kasuwa. In aka bar kowane Bakano yana kiran ƙauyensu kyauta, da me za su mai da jarinsu?"

Na ce, "To saƙon murya fa? Jiya na tura, ya tafi."

"Wannan ba kira ba ne. Wasiƙa ce mai baki, ba ruwan doka da ita."

Na san akwai masu bi ta bayan gida, su sa wata 'yar manhaja da ke ɓoye inda mutum yake. Amma an tsorata ni da tara, ni kuma bizata a hannun mutane take, ba zan zo ƙasar wasu in fara da tsallaka katanga ba. Akwai kuma manhajar da hukuma ta yarda da ita, sai dai tana son sabis mai ƙarfi a nan da can. Nan akwai. Can fa?

Can, ƙauyenmu, sabis baƙo ne. Daga wani dogon ƙarfe yake zuwa a garin da muke cin kasuwa, kafin ya iso mana ya galabaita. An ce mutanen wani kamfani sun taɓa zuwa, suka auna fili a bayan firamare, suka sha fura, suka tafi. Da aka bi sawu sai suka ce lissafi ya ƙi: kafin su haƙa ramin binne waya sai sun biya wannan hukuma, su biya waccan, ga man injin, ga mai gadi. Sai na zauna ina mamaki. Inda nake akwai hanya an hana bi, inda Inna take an bar kowa ya bi amma babu hanyar.

Saura kira na layi kai tsaye, mai cinye albashi. Na ce a ci. Ƙanwata ta zaunar da Inna a kusurwar zaure, inda sabis ke leƙowa in ya ga dama. Na ce, "Inna, ina kwana?" Shiru. Na ɗauka ba ta ji ba, na sake. Ashe maganar ce ke daɗewa a hanya. Ina cikin maimaitawa sai ga "lafiya" ɗinta ta iso, muka yi karo. Na tsaya, ita ma ta tsaya. Na ce ina gajiya, daidai lokacin ita ma ta buɗe baki. Haka muka yi ta gware kamar raguna har layin ya yanke. Da yamma ƙanwata ta turo min saƙo tana dariya har da tari. Wai Inna ta miƙa mata wayar ta ce, "Karɓi abinki. Yaron nan ya koyi katse manya a can."

Ni ban yi dariya ba.

Juma'a ta gaba na ce bari in bi ta wasiƙa mai baki. Na danne maɓallin na jero su reras: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya jiki, ya ƙafa, ya mutan gida, a sa mana albarka. Ƙanwata ta rataye wayarta a ƙusar zaure har saƙon ya sauka, ta kai mata. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Sanarwa ce yake yi a rediyo? Wa ya jira ya amsa masa?" Ta ci gaba da tsince wakenta.

Daga nan albarka ta ɗauke. Ba wai ta yi fushi irin na faɗa ba, Inna ba ta faɗa. Kawai dai a wurinta ban gaishe ta ba, don haka babu abin da za ta amsa. Makonni suka yi ta wucewa. Wallahi abin ya ci min rai. Ina tafiya a garin da komai ke sheƙi, ina jin kaina kamar maraya. Na zama masifaffe a ofis. Wata Hajiya ta ce sikelinmu yana ƙari, na ce ta hau da kanta mu gani. Sai da maigidanmu Balarabe ya kira ni gefe ya ce, "Shwayya shwayya, habibi, a hankali, kwastoma ce."

Wannan Hajiyar ce kuwa ta buɗe min ido, ba da saninta ba. Ta dawo karɓar rasit, ta zauna a kan kwalin abayoyi, ta kunna wani saƙon murya da aka turo mata daga gida. Mai saƙon na ta jero gaisuwa, Hajiya kuma na bin ta a guje: "Lafiya lau. Babu gajiya. Alhamdu... kai, tsaya mana! Amin, amin." Har da ɗaga hannu. Na saki salatif ina kallonta. Ashe mu ba ma iya jin gaisuwa mu yi shiru, ko daga bakin ƙarfe ta fito. Inna ma amsawa take son yi, ni ne ban bar mata wuri ba.

Ranar Juma'a na fita matattakalar bene, inda hayaniya ta ɗan yi sauƙi. Na danne maɓallin. "Inna, ina kwana?" Na yi shiru, ina jin "lafiya" ɗinta a cikin kaina. "Ina gajiya?" Na sake yin shiru. "Ya ƙafar?" Nan na ɗan ƙara, don takan ce da sauƙi sannan ta ce alhamdulillahi. Na bi su duka a haka. A ƙarshe na ce, "To Inna, a sa mana albarka," na bar gurbi, na ce, "Amin, amin, na gode."

Ina sakin maɓallin na ji an fashe da dariya a bayana. Badamagare ne riƙe da kofin shayi. "Jama'a ku zo ku ga abin al'ajabi! Bakano ya durƙusa wa waya!" Na duba, ashe gwiwata na ƙasa, hulata a hannu. Ban san lokacin da na yi ba. Na ce masa, "Ku da kuke gaida iyayenku da bonju, ina za ku san wannan?"

Saƙon ya kwana a ƙusar zaure kafin ya sauka. Washegari ƙanwata ta turo nata cike da murna. "Yaya, ta amsa! Duka ta amsa, kowanne a gurbinsa, kamar kana gabanta. Da ka ce amin ɗin nan daidai ta rufe baki, sai da ta waiga ta dubi ƙofa. Ta ce a ce maka Allah ya yi albarka." Na roƙi a ɗauko min muryarta ko kaɗan. Inna ta ce ita ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Na haƙura. Ranar na sayi shayi mai madara na raba wa duk ofis, har da masu dako.

Haka muka ɗore. Matattakala ta gagara, don masu turo kaya ba sa rabuwa da ita, sai na koma yi a cikin ofis. Safiyar Juma'a in na cire hula, kowa ya san abin da ake ciki. A daina yagar salatif, a kashe fanka mai ƙara. Badamagaren nan da ya yi min dariya shi ya zama ɗan sanda, ya tsaya a bakin ƙofa, duk ɗan dakon da ya taho da amalanke sai ya ɗaga masa hannu: "Khalas, tsaya nan, ana gaida tsohuwa." Mutanen da ba su jin Hausa ko ta sannu suka koyi tsayawa cak. Ba a jima ba na kama shi da kansa a bayan kwalaye yana yi wa surukinsa irin tawa, har da gurbi. Na ce, "A'a, Malam Bon, kai ma?" Ya ce bincike yake yi.

Wata rana ƙanwata ta ce, "Inna fa ta koyi dannawa da kanta. Yanzu karɓar wayar take ta shige ɗaki ta saki labule. Kuma ta ce gurbin ƙarshe ya yi gajere." Na ce albarka ce ta ƙaru, madalla. Na ƙara. Bayan 'yan makonni aka sake cewa ya yi gajere. Na sake ƙarawa, har yatsana ya fara ƙagewa a kan maɓallin. Ban kawo komai a raina ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa gwamnatin jiharmu ta yafe kuɗin haƙa ramin waya, don ta jawo kamfanoni. Kafin ka ce me, sai ga hotuna: rami ya bi gefen titi tun daga garin kasuwa, leburori sun yi layi, ga dogon ƙarfe yana tashi a bayan firamare, daidai inda aka auna shekarun baya. Badamagare ya karɓi wayata ya duba, ya gyara tsayuwa kamar mai lacca. "Wala! Can an sassauta, jari ya shigo. Nan an tsaurara, jari ya zauna. Kowace gwamnati da yadda take lallashin masu kuɗi, mu kuma muna tsakiya da wayoyinmu." Na ce ya ba ni abata, ba lacca na tambaya ba.

Na sa ƙanwata ta sauke manhajar da hukumar nan ta yarda da ita. Ranar Juma'a na ɗauko shaddata ta sallah, na fesa turaren shagon ƙasa. Na danna, ya shiga tar, har ina ganin zanen labulen ɗakin Inna. Sai ga ta. Wato sai ga kunnenta da gefen mayafinta, don tuni ta kau da kai tana kallon bango.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya."

"Ina gajiya?"

"Babu."

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"A sa mana albarka."

"Allah ya yi albarka." Ta ture wayar da bayan hannu.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji muryarta bayan tsawon lokaci, na ga ta ɗan rame amma tana nan da ƙarfinta. Na ce to, wahala ta ƙare, an koma yadda aka saba. Muka yi haka Juma'a biyu ko uku. Sai ƙanwata ta kira ni a tsakiyar mako, ina cikin auna buhunan takalma.

"Yaya, Inna ta ce a koma na da."

"Wane na da?"

"Mai shirun nan."

Raina ya ɓaci. "Ke, kina da hankali kuwa? An haƙa rami tun daga kasuwa har ƙofar gida, an kafa ƙarfe ya fi rimi tsawo, gwamnati biyu sun yarda in ga uwata, sannan ki ce in koma magana da iska? Ko ke ce kike ƙyashin datarki?"

Ta bar ni na gama. Ita ta san halina. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Yaya, bari in gaya maka abin da ban yi niyyar faɗa ba. Wata rana, tun kafin a kafa ƙarfen nan, na je ɗaukar rariya a bakin ɗakinta, labule a sake. Na ji ta a gurbin ƙarshen nan. Ba albarka kaɗai take sa maka ba. Hira take yi da kai. Ta gaya maka akuyarta ta haifi biyu. Ta ce ƙafar ba sauƙi, ba ta dai son a tayar maka da hankali. Ta tambaye ka ko kana samun tuwo a can." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma kafin ta fara, sai ta kira sunanka. Sunanka na yanka, Yaya."

Na zauna a kan buhun takalma. Shekaruna duka ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ashe tana can tana faɗarsa a cikin shirun da nake aika mata daga tsakiyar kwalaye. Hawaye suka zubo min, a gaban Badamagare kuwa. Ya juya ya hau gyaran sikelin da ba abin da ya same shi.

"In kana so," in ji ƙanwata, "sai in laɓe da wata wayar in ɗauko maka."

Wallahi na so. Amma na ce a'a. Ba don a ji ta take faɗa ba, in an ɗauko an yi mata sata.

Juma'a ta zo, na cire hula, ofis ya yi tsit, ɗan sandana ya kama ƙofa. Na bi gaisuwa da gurabenta. Na ce, "To Inna, a sa mana albarka." Na yi shiru. A nan ne wani abu ya taso min wanda ban shirya ba. Na ƙiyasta ta gama albarkar, na ƙiyasta ta gyara zama, ta dubi labule, ta kira. Sai na ji bakina ya ce, "Na'am, Inna." Na ci gaba da danne maɓallin har yatsana ya yi sanyi, sannan na saki. Saƙon ya tafi nan take, yanzu ba ya kwana a ƙusa.

Yana tafiya na yi da-na-sani. Na tona mata asiri. Yanzu za ta gane an ji ta, kunya ta kama ta, ta daina shiga ɗakin, in rasa mai shirun in rasa mai hoton gaba ɗaya. Na je masallaci na dawo, ban san abin da liman ya faɗa ba. Na auna kayan wani Alhaji na rubuta masa Kaduna a maimakon Katsina, sai da Badamagare ya ƙwace alƙalamin.

Can bayan la'asar ƙanwata ta kira. Na ɗauka da sauri.

"Me ka yi mata, Yaya? Ta daɗe a ɗaki yau. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba."

"Ta yi fushi?"

"Oho. Ta dai miƙo min wayar ta ba ni saƙo, ni ban ma gane kansa ba."

"Faɗa min yadda ta faɗa."

"Ta ce, 'A ce wa wancan ya yi saurin amsawa. Nan gaba ya ɗan jira a kira shi tukuna.'"